Ranar da Burauzar Kaka Inuwa Ta Ƙi Buɗuwa

Bari in fara da tona wa kaina asiri, tunda yanzu babu mai bi na da sandar awo har bakin titi. Ni ne na daskarar da burauzar Kaka Inuwa, manhajar nan ta shiga intanet a kwamfutarsa. Ni ɗin nan Hamza, autan Umma. A ranar na ce zafin Makka ne, da aka matsa na ce tsufan kwamfuta ne. Ƙarya nake. Ƙwallo na saci kallo. Minti uku kacal nake nema, in ga ƙwallon nan da duk yaran unguwa ke cewa an ci da ka, sai ga shi na kusa ɓatar da mutum ɗari da arba'in da ɗaya tsakanin azahar da la'asar.

Ku da kuka san shagon ɗinkinsa a unguwar Misfala, na cikin lungun da ke bayan mai gasa burodin tamis, kun san kwamfutar da nake nufi. Jibgegiya ce mai ƙeya, Kawu Sani ya kawo masa ita lokacin da aka sauya kaya a wurin aikinsu. Ranar da ta iso Kaka ya zagaye ta sau biyu, ya ciro tef daga wuyansa ya auna ta, kafin magariba ya ɗinka mata riga da ragowar shadda, har da aiki a wuya. Linzamin ma bai bar shi tsirara ba, 'yar hula ya yi masa. In zai danna abu sai ya cire hular, ya yi bisimilla, ya danna, ya mayar. Dannawa biyu a jere kuwa ba ta taɓa yiwuwa a hannunsa ba, domin tsakanin ta farko da ta biyu sai ya sake wata bisimillar.

To, abin da ya ajiye a cikinta shi ne labarin.

Kun san halin da mazaunin Makka yake ciki. Da an ji kana iya takawa da ƙafa zuwa Harami, shi ke nan ka zama ɗan aike. Daga Kano, daga Damagaram, daga garuruwan da ko Kaka bai taɓa jin sunansu ba, magana ɗaya ce: "Don Allah a saka mu a addu'a." Yawancinmu mukan ce insha Allahu, in mun je mu ɗaga hannu mu ce Allah Ka biya wa duk wanda ya ce a roƙa masa, halas, an gama, mu wuce mu sha zamzam. Kaka kuwa duk wanda ya ba shi saƙon addu'a sai ya buɗe masa shafi guda a burauza, ya bar shi a buɗe, ba zai rufe ba sai ya kai saƙon. Ranar Alhamis bayan la'asar zai duba shafuka bakwai na farkon layi, ya rubuta sunayen a bayan kwalin maɓallai, ya tafi ɗawafi. Zagaye ɗaya, mutum ɗaya. In ya dawo ya rufe su ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana cewa, "Na sauke."

Bakwai ke fita a mako, goma sha wani abu ke shigowa. Shafukan suka yi ta matsuwa a saman allon har suka koma sirara kamar haƙoran mataji, ko harafi ɗaya ba ka iya karantawa a kansu. Shi kuwa ya san kowanne.

Wanda ya aiko wasiƙa ta imel, wasiƙar ake buɗewa. Amma yawanci waya suke bugowa, ko su biyo ta shago in sun zo Umra. Waɗannan sai ya nemo musu hoton da zai tuna masa da su. Wata rana ina leƙe ta bayan kafaɗarsa na ga ƙatuwar tarwaɗa ta cika allo.

"Kaka, miya za ka koya?"

"Janye hancinka, ja'iri. Alhaji Ado ne na Wudil."

"Kifi ya koma?"

"Kifinsa ke mutuwa a tafki. Saura mako huɗu a zo kansa."

Ya matsa gaba. Hoton ƙashin gwiwa, wannan wata hajiya ce da ba ta iya ruku'u. Taswirar hanyar Agadas, wannan direba ne. Injin markaɗe. Takardar jarrabawa. Sai hoton wani jariri mai kumatu.

"Wannan ɗan wa?"

"Ba na kowa ba ne tukuna. Shi ake nema."

Ya sake matsawa gaba. Sai ga bunsuru, da gemu, yana harara.

"Wannan kuma dabbobinsa ne ke ciwo?"

"A'a. Bai faɗi buƙatarsa ba. Kama ce kawai suka yi."

Wallahi da bakinsa ya faɗa! Kuma har ya bar duniya bai gaya mini ko wane ne ba, duk da ina da wanda nake zargi, kuma yana cikin masu karanta wannan.

Umma ta gaji da ganin wannan wahala, ta sayo masa littafi mai bango mai kauri.

"Baba, ka rubuta su a nan mana. Littafi ba ya lalacewa."

Ya juya littafin, ya shinshina, ya miƙa mata.

"Littafi rufe shi ake yi a tura ƙarƙashin yadi. Waɗannan kuwa kallona suke. Ina ɗinki suna kallona, ina shan shayi suna kallona. Ta ina zan manta?"

Littafin ya ƙare a ƙarƙashin ƙafar keken ɗinki, wadda ke rawa.

Akwai kuma Malam Isiyaku, ɗalibin nan ɗan Zariya mai karatun fiƙihu, wanda yake zuwa shago kullum da sunan gaisuwa alhali shayi ke kawo shi. Shayin ma wane iri! Ganye ɗaya mai igiya Kaka yake tsomawa kwana uku, da yamma ya rataye shi a allura ya bushe. A rana ta uku ruwan zafi ne kawai da ya taɓa jin labarin shayi. Wata rana Malam ya kurɓa, ya dubi allon, ya gyara zama irin na masu fatawa.

"Baba Alhaji, ai da ka haɗa su duka a addu'a ɗaya. Ya halatta, babu saɓani a kai. Zagaye ɗaya ka gama da kowa."

Kaka bai ɗago daga keke ba.

"Malam, in ka kawo mini yadi, kai da 'yan ajinku arba'in, in yanka muku riga ɗaya ku shiga tare?"

"Ai ba ɗaya ba ne, Baba."

"Ni ba na addu'ar sari. Kowa da awonsa."

Malam ya buɗe baki zai kawo dalili, Kaka ya tura masa kofi. "Sha shayinka, na jiya ne, da sauran ƙarfinsa."

Saboda waɗannan shafuka ba a kashe kwamfutar nan. Ni ina cewa shekara goma ta yi a kunne, Umma ta ce uku, ku ɗauki wanda ya yi muku. Kawu Sani ya haɗa ta da akwatin batir ko da wuta za ta ɗauke. Fanka ɗaya ce a shagon, kuma kwamfutar take kallo. Mutum zai shigo awo yana zuba gumi kamar an watsa masa ruwa, ya ce, "Baba, a ɗan juyo fankar nan mana." Kaka ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Kai amanar mutum nawa ka riƙe?" Kullum da safe kuma wani ɗan akwati yakan fito a allo, yana neman izini a kashe a kunna don a sabunta wani abu. Kullum Kaka zai cire wa linzami hula, ya danna "an jima", ya ce, "Gobe insha Allahu." Tela ne fa! Shekara uku yana ce wa kwamfuta gobe, kuma ba ta taɓa zuwa da rigima bakin shago ba.

Yanzu mu zo kan ranar.

Alhamis ce, muna hutun makaranta, Umma ta tura ni shago don in daina fasa mata kofuna. Aka kira azahar, Kaka ya ja ƙofa rabi muka tafi masallaci. Na tsaya a sahun ƙarshe, kusa da takalma. Liman na sallama na fice kamar an harbo ni, don na san Kaka sai ya yi nafila, ya ja carbi, ya gaisa da duk wanda ya taɓa ɗinka wa wando. Ina da minti ashirin.

Na cire wa linzami hula, ko bisimilla ban yi ba. Na buɗe shafi na ɗari da arba'in da biyu. Kwamfutar ta fara nishi kamar bas ɗin alhazai a cunkoson Muzdalifa. Bidiyon ya tashi. Ga ɗan wasa ya taho ta gefe, ya ɗago ƙwallo, ga mai cin nan ya yi tsalle, ya miƙa wuya...

Ya tsaya a sama.

Na jira. Yana nan rataye, baki buɗe, ƙwallo na gaban goshinsa. Wata 'yar da'ira ta fito tana juyawa. Na danna nan, na danna can. Allon ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara. Ya Salam! Na kai linzami kan jan gicciyen da ke kusurwa, wai in rufe nawa shafin kawai, na yi ta dannawa kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar banɗaki. Ashe babban gicciyen nake danna, na burauzar gaba ɗaya. Sai fat! Taga ta ɓace. Babu tarwaɗa, babu gwiwa, babu bunsuru. Allo fayau.

Na ce ba komai, a sake buɗewa. Na danna alamar burauza. Wani akwati ya fito da Larabci, wai burauza tana kan aiki amma ba ta amsawa, a rufe wadda ke aiki tukuna, ko a kashe kwamfutar a sake kunnawa. Wace ke aiki? Ina take? Na sake dannawa, akwatin ya sake fitowa. Na danna sau arba'in, ya fito sau arba'in. Daidai nan na ji tarin Kaka a bakin lungu. Na mayar wa linzami hula a karkace, na ɗauki tsintsiya.

Ya shigo da sallama. Ya dubi tsintsiyar, don bai taɓa ganin ta a hannuna ba. Sannan ya dubi allo.

"Ina mutanena?"

"Wa... waɗanne, Kaka?"

"Hamzatu. Ina mutanena?"

"Zafi ne, Kaka. Ina shara na ji ta yi wani ƙara, kawai ta..."

Bai saurare ni ba. Ya zauna a hankali, ya gyara tabarau, ya karanta akwatin yana bin kowace kalma da yatsa. Na zaci zai fashe. Sai na ga fuskarsa ta saki.

"Alhamdulillahi. Ka ji, wai tana kan aiki. Suna ciki ke nan. Amsawa ce ba ta yi, fushi take."

"Ta ce a kashe a kunna..."

"Wanda ya taɓa wayar wutar nan sai na yi masa kaciya ta biyu."

Ya ɗauko babban almakashinsa ya ajiye kusa da soket. Ya matso da fanka har tana taɓa rigar kwamfutar. Abin da bai taɓa yi ba a gabana, ya miƙe ya kunna mukayyif, na'urar sanyin nan da muke zaton ado ce, ta tofo ƙurar shekara biyu a kan yadin mutane. Sannan ya zauna gaban allo ya fara lallashi.

"Haba 'yar albarka. Na san an cika miki kaya. Yau Alhamis, bakwai zan rage miki. Buɗe mana."

Ba ta buɗe ba.

Ni kuma na shiga nuna gwaninta, ko laifina ya ragu. Na zare linzami na hura masa iska na mayar. Na kashe akwatin intanet na ƙirga goma na kunna. Na buga wa kwamfutar tafi a ƙeya, Kaka ya buga mini irinsa a tawa. Kowane gwaji, akwatin nan ne yake fitowa, kalma ɗaya bai sauya ba.

Malam Isiyaku ya shigo shan shayi ya tarar da mu kamar gidan makoki. Da ya ji abin da ya faru sai ya ce, "To wasiƙun ai suna nan a imel ɗinka, Baba."

"Dubu nawa ne a ciki? Wanne na kai, wanne ban kai ba? Kuma Alhaji Ado wasiƙa ya rubuto? Tarwaɗa ce!"

"Ka kwantar da hankalinka. Wanda ya manta babu laifi a kansa. Kuma Allah Ya san su duka."

"Ya san su mana, Malam. Da suka ba ni saƙon, ce musu aka yi bai sani ba? Ni suka ce in je in tsaya in faɗa. Na ce to."

Ya jawo kwalin maɓallai ya fara rubuta waɗanda zai iya tunawa. Ya rubuta, ya tsaya, ya rufe ido, ya rubuta. Ya kai talatin da wani abu ya maƙale. Ya ajiye alƙalamin. Ya ce, ba da kowa yake ba, "Akwai wata yarinya da za a yi wa aiki a ido. Uwarta ta yi kuka a nan, a kan kujerar nan. Sunan ya tafi." A nan dariyar da nake dannewa ta mutu. Saura awa ɗaya da rabi a kira la'asar, kuma a iya sanina Kaka bai taɓa fashin Alhamis ba.

Sai ga Yaya Ruƙayya ta shigo da kular abinci, Umma ta aiko ta. Ku da ba ku sani ba, kwamfuta take karanta a makarantar 'yan mata da ke wajen Utaibiyya, kuma tsakaninta da Kaka wasan jika ne kullum, amaryarsa yake ce mata. Ta dubi allo, ta dubi hular linzami a karkace, ta dube ni. Na dubi silin.

"Angona, ba ni minti biyar."

"Ba za ki kashe ba."

"Ba zan kashe kwamfutar ba. Burauzar ce ta maƙale a bayan fage. Tagarta ta rufe amma ita ba ta sauka ba, shi ya sa sabuwa ta kasa shigowa. Sai an sauke tsohuwar."

"Da mutanen a ciki?"

"Tana rubuta sunayen shafukanta a wani ɗan fayil, lokaci-lokaci. Shi zan fara kwafewa kafin in taɓa komai."

Ta ciro filasha daga jakarta, 'yar ƙarama, ta soka, ta shiga wasu manyan fayiloli da ban taɓa sanin suna nan ba, ta kwafe, ta zare, ta ɗora masa a tafin hannu.

"Ga su nan. Riƙe."

Kaka ya ɗaga ta sama yana dubawa. "Mutum ɗari da arba'in da ɗaya a cikin abin da bai kai ƙwallon dabino ba? Har da Alhaji Ado? Kin san girmansa kuwa?"

"Har da shi."

Ya cire hularsa, ya saka filashar a ciki, ya mayar ya danne da hannu. "To bisimilla. Amma in suka ɓata na sake ki."

"Saki nawa ke nan bana?"

Ta danna maɓallai uku a tare. Wani jeri ya fito, na duk abin da ke gudana a cikin kwamfutar. Ga sunan burauzar can a sama, ta cinye kusan duk ƙwaƙwalwar, ta zauna daram. Yaya ta zaɓe ta, ta danna a dakatar. Kaka ya rufe ido yana salati. Malam Isiyaku ya ajiye kofi. Sunan ya ɓace daga jerin, kuma nishin da kwamfutar take yi ya tsaya cak, har muka ji ƙarar mai tamis yana buga ƙullu.

Ta danna alamar burauza. Ta buɗe! Ta buɗe, jama'a! Da wani rubutu a tsakiya, tana ba da haƙuri wai ba ta rufe yadda ya kamata ba, ko a dawo da shafukan baya?

"Har haƙuri take bayarwa," in ji Kaka. "Ta fi wasu tarbiyya."

Ya ce shi zai danna da kansa. Ya gyara wa linzami hula, ya cire ta, ya yi bisimilla mai tsawo, ya danna.

Suka fara dawowa. Haƙoran mataji suna jeruwa ɗaya bayan ɗaya, Kaka na tsaye yana yi musu maraba kamar mai tarbar jirgin alhazai.

"Sannu da zuwa Hajiya, ya gwiwar? Direba, ka iso lafiya! Alhaji Ado! Wayyo Alhaji Ado, ka sha hanya!" Ya tsaya kan wani hoton ido, ya buga cinya. "Sa'adatu! Sunanta Sa'adatu! Rubuta, Malam, rubuta!"

Malam na rubutawa, Yaya na dariya, ni har rawa na taka, ina cewa ai dama na ce za a gyara. Na manta da abu ɗaya. Burauza ba ta san nawa da na Kaka ba. Duk abin da ke buɗe ta dawo da shi.

Lasifika ta fashe da ihu. Mai sharhin nan na Larabawa, da dukan maƙogwaronsa: "Gooooool! Ya Allah! Ya salam alaik ya walad!" Mutumin da na bari a rataye ya sauko, ƙwallo ta shige raga, filin wasa ya kaure a cikin shagon ɗinki. Malam Isiyaku ya zabura ya ture kofi, shayi ya zube masa a jallabiya. Daga baya Yaya ta gaya mini ta ga shafin a jerin tun kafin a danna, tana iya cire shi, ta bar shi da gangan.

Ta tsayar da bidiyon.

"Zafi ne ko, Hamzatu?" in ji Kaka.

"Kaka, bari in rufe shi kawai..."

"Kul! A shagon nan ba a rufe shafi sai an yi masa zagaye." Ya sunkuya ya ƙura wa allon ido. "Kowane shafi da mai shi da buƙatarsa. Mai wannan na san shi. Buƙatarsa ma na san ta." Ya ɗauki kwalin, ya rubuta shida daga farkon layi, ya tsallako da Sa'adatu cikinsu saboda aikinta ya matso, a na bakwai ya rubuta sunana. "Sa takalminka."

Ranar na gane sandar awo rahama ce. Ya riƙe wuyan hannuna tun daga Misfala har cikin Harami. Zagaye shida yana addu'arsa ƙasa-ƙasa, sunan kowa da buƙatarsa. Da muka shiga na bakwai sai ya ɗaga hannuna sama kamar wanda ya ci dambe, ya buɗe murya da Hausa tsantsa:

"Ya Allah, ga Hamza ɗan Binta! Ka ba shi hankali! Ya Allah Ka raba shi da ƙarya, ba ta ma yi masa kyau! Ka sa ya riƙa zama a masallaci har a gama tasbihi!"

Kuma kun san wurin nan ba a rasa Bahaushe. Wasu hajiyoyi 'yan Umra suna bayanmu, su kusan goma, da mayafai iri ɗaya. Suka ɗauka: "Amin, Baba! Amin! Allah Ya shirya shi!" Ɗaya ta leƙo fuskata ta ce, "Ga shi kuwa kyakkyawa, ashe maƙaryaci ne." Zagaye guda cur suna bin mu da amin. Na roƙi marmara ta tsage in shige, ba ta tsage ba.

Da muka dawo ya rufe bakwai ɗin. Da ya zo kan nawa ya daɗe yana kallona, sannan ya danna. "Na sauke. Saura kai."

Shekara biyu ina ba da labarin nan a makaranta da majalisar ƙofar gida, kuma a bakina ni ne na danna maɓallai ukun. Yau na mayar wa Yaya Ruƙayya kayanta. Akwai kuma abin da nake tsallakewa, don ba ya ba da dariya.

Ba duka suka dawo ba. Da ya bi su ɗaya-ɗaya washegari, huɗu sun buɗe farare. Sun daɗe a buɗe har wuraren da aka ɗauko hotunan sun goge su, da burauzar ta je ɗaukowa ba ta tarar da komai ba. Yaya ta gwada duk dabarar da ta sani, har da filashar cikin hula. Kaka ya yi mako yana tunani, ya buga waya Kano, ya tambayi masu zuwa shago. Bai gano ko su wane ne ba. Bai yi mini faɗa a kansu ba ko sau ɗaya, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya bar su a buɗe a farkon layi. Duk wata yakan ware musu Alhamis guda, ya ce, "Ya Allah, mutum huɗun nan, Ka san sunansu, ni na ɓatar."

Ya rasu a watan Rajab, ranar Talata da hantsi, bayan zazzaɓin kwana biyar. An yi masa salla a Harami bayan la'asar. Mun tarar da shafi sittin da uku a buɗe, don a ƙarshe ya ƙara ranakun ɗawafi. Ni da Yaya da Kawu Sani da Malam Isiyaku muka raba, muka gama su cikin mako uku. Fararen huɗun ni na ɗauka. Sannan Umma ta kashe kwamfutar.

Allah Ka jiƙan Kaka Inuwa. Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka karɓi duk abin da ya roƙa wa bayinKa, Ka ba shi fiye da haka. Mutum huɗun nan kuma, duk inda suke, Ka biya musu. Amin.